Yadda ake haɗa wa yara akwatin tsince-tsince don koyarwa

A samo kiret ɗin ƙwai na kwali mai gurbi 30 (shi ne akwatin da za a jera abubuwan da yara suka tsinto), ƙananan kwalabe masu murfi, tsohuwar jarida, da takarda da biro. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, saboda iska a bushe take, kuma tsamiya, kuka da bagaruwa duk sun nuna.

A fita da yara da safe, a ce kowa ya tsinto abu biyar kacal, kuma wanda ya faɗo ƙasa. In ba a sa iyaka ba, za su cika buhu da tarkacen da ba wanda zai sake dubawa. 'Ya'yan tsamiya, ƙwallon goruba, ƙwallon magarya, aduwa, gashin zabuwa, bawon katantanwa, tsakuwa mai launi, duk sun yi. Dutse kuwa da sanda ake juya shi, don kunama na son ƙarƙashinsa.

Kafin a fita, babba ya nuna musu abin da ba a ɗauka. Idon zakara, jan ƙwayar nan mai ɗigon baƙi, ita ta fi jan hankalin yara, kuma guba ce mai kisa in an tauna. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Ruwan tumfafiya yana ƙona ido. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a bar shi da ƙananan ƙwayoyi, zai iya haɗiyewa ko ya cusa a hanci.

Busarwa ita ce inda aka fi yin kuskure. A wanke ƙwayoyin, a kankare duk naman da ya manne, a shanya kwana 3 zuwa 4 a rana. Ɗan zaƙin da ya rage a jikin ƙwallon magarya ya isa ya kira tururuwa, danshi kuma ya kawo fumfuna. In an ga ƙaramin rami da gari a ƙasan ƙwaya, ƙwaro na ciki, a jefar da ita kafin ya shiga sauran. Masu kyau a zuba a kwalba da ɗan toka mai bushewa, a rufe. Ganye kuwa a shimfiɗa shi tsakanin jarida, a ɗora bulo a kai, a riƙa sauya jaridar kullum a kwanakin farko. Cikin mako 2 ya bushe. Ganye mai kauri da ruwa ruɓewa yake, a bar shi.

Kowane abu a rubuta masa suna, inda aka same shi, ranar, da sunan yaron. Yaron ne zai rubuta, ko da rubutun ya karkace.

Sai amfani. A ƙirga 'ya'yan tsamiya goma-goma don tarawa da ɗebewa. A rufe wa yaro ido ya gane abu da taɓawa. A cika roba da ruwa, kowa ya faɗi abin da zai nutse kafin a jefa. A goga ƙwayar tsamiya 5 a dutse har ɓawon ya ɗan ƙuje, a jiƙa su kwana ɗaya, a shuka tare da wasu 5 da ba a taɓa ba. Waɗanda aka goga sukan riga tsirowa, don ruwa ya samu hanyar shiga. A bar yaran su auna tsayin tsiron da rula kowace Asabar, su rubuta.

Da damina ta sauka, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a duba shi duk mako 2, a sake shanya abin da ya yi laushi.