Yadda ake zaɓen mahalarta bincike a wurin aiki, da yadda ake gayyato su

Mai shirin bincike a kamfani ko hukuma yakan fara da tambayar "mutum nawa zan tambaya?" Akwai wadda ta riga ta: daga wane jeri za a ɗebo mutanen, kuma hannun wa zai ɗebo su? A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta raba takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da mutum miliyan 2 suka amsa, ta sanar cewa Landon zai ci. Roosevelt ne ya lashe, da rata mai yawa. An kwaso sunayen ne daga wurare irin littattafan lambobin waya da rajistar masu mota, sannan waɗanda suka dawo da amsa sun bambanta da waɗanda suka yi shiru. Irin wannan tuntuɓe yana jiran duk wanda ya shiga wurin aiki da takardar tambayoyi, kuma yawan amsoshi ba ya gyara shi.

Jerin sunaye tukuna

Rubuta jimla ɗaya da ta faɗi waɗanda binciken ya shafa. Misali: duk mai aiki a rassan kamfanin, wanda ya cika wata shida zuwa ranar kaza, har da 'yan kwangila. Sa ranar, domin ma'aikata kullum cikin shiga da fita suke. Ka kuma yanke ko mutane kake nazari, ko rukunonin aiki, ko kamfanoni sukutum. Amsoshi 200 daga kamfanoni uku, in kamfanoni kake kwatantawa, uku ne a hannunka.

Daga nan ka nemi jeri a sashen kula da ma'aikata. Jerin albashin watan da ya wuce ya fi jerin adireshin imel aminci, don direbobi, masu gadi, masu shara da masu aiki kan injina da yawa ba su da imel na ofis. Shi ma na albashin yana da ramuka. Waɗanda wani kamfani ya kawo aro ba sa ciki. Mai hutun haihuwa ko doguwar jinya yana ciki amma ba ya nan. Wanda aka yi wa canjin reshe yakan fito sau biyu. Ɗebo suna 20 ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko suna inda jerin ya ce. In uku ko huɗu sun ɓace, a tsabtace jerin kafin a ci gaba. Idan kuma kana binciken abin da ke sa mutane ajiye aiki, waɗanda suka fi sanin amsar ba sa cikin kowane jeri na yanzu, sai ka nemi na waɗanda suka tafi cikin shekara guda da ta wuce.

Lissafin adadi

A binciken takardar tambayoyi, lissafin da aka saba shi ne na tabbacin kashi 95 da ratar kuskure ta maki 5 sama ko ƙasa, wato in za a maimaita zaɓen sau 100, a kusan 95 sakamakon ba zai kauce wa gaskiya da fiye da maki 5 ba. Ninka 1.96 (lambar da ke tafiya da tabbacin kashi 95) da kanta, ka ninka da 0.25 (rabi sau rabi, a zaton ra'ayi ya rabu biyu daidai), ka raba da 0.0025 (ratar 0.05 sau kanta), za ka samu 384. Wannan na jama'a mai ɗimbin yawa ne. Wurin aiki yana da iyaka, don haka ana ragewa: a kamfani mai mutum 1,200, raba 383 (wato 384 a cire 1) da 1,200, ƙara 1, sai ka raba 384 da abin da ya fito. Amsar 291 ce, kuma ita ce a jadawalin adadin mahalarta da masana Krejcie da Morgan suka fitar a 1970, wanda ya ba da 217 ga mutum 500, da 80 ga mutum 100. Lura da na ƙarshen. In wurin ƙarami ne, gayyaci kowa kawai.

Mu ɗauka ka cike adadin zuwa 300. Amsoshin da za su dawo hannunka ke nan, gayyata kuwa dole ta zarce haka. Baruch da Holtom, a nazarin da suka wallafa a 2008 kan binciken wuraren aiki, sun samu cewa matsakaicin masu amsawa kashi 52.7 ne in ɗaiɗaikun mutane aka tambaya, kashi 35.7 in wani ne zai amsa da sunan kamfani. Ka yi tsammanin rabi, ka gayyaci 600.

Mutum 300 ɗin za su ba ka magana a kan kamfanin gaba ɗaya. Ba za su ishe ka magana a kan kowane sashe ba, kuma nan ne da yawa ke ruɗuwa. A ce cikin 1,200 ɗin, 720 suna wajen sarrafa kaya, 300 a sayarwa, 120 a ofis, 60 manajoji. Rabon kashi ɗaya cikin huɗu zai ba ka 180, 75, 30 da 15. Ratar kuskure a kan manajoji 15 ta haura maki 20, ba abin da za ka iya faɗa a kansu da ƙarfin gwiwa. Gayyaci duka 60 ɗin, sannan lokacin fitar da sakamakon kamfanin baki ɗaya ka rage nauyin amsoshinsu zuwa ainihin kasonsu, wato kashi 5. In ka manta wannan gyara, muryar manya za ta danne ta sauran.

Akwai wani rami kuma. Saboda sauƙi, mutum yakan zaɓi rassa 15 ya tambayi mutum 20 a kowanne, ya ce ya samu 300. Waɗanda ke ƙarƙashin shugaba ɗaya amsoshinsu kan yi kama da juna. Ko da kamannin kaɗan ne, a ce 0.05 a ma'aunin da 1 ke nufin amsa iri ɗaya sak, lissafin shi ne 19 (mutum 20 a cire 1) sau 0.05 a ƙara 1, wato 1.95. Raba 300 da wannan, ƙarfin bayananka bai fi na mutum 154 ba. Gara rassa da yawa da mutane kaɗan-kaɗan a kowanne.

Zaɓen kansa ba shi da wuya: ƙuri'a. Zuba sunayen kowane rukuni a Excel, sa RAND (umarnin da ke fitar da lambobin ƙuri'a) a layin da ke gefe, kafe lambobin da suka fito don kada su riƙa canzawa, jera daga ƙarami zuwa babba, ɗauki na sama. Wasu sun fi son tsallake, kamar ɗaukar kowane suna na huɗu. Yana aiki, amma duba yadda aka tsara jerin. In rukunoni ne na mutum takwas-takwas da shugaban kowanne a farko, ka fara daga na ɗaya, rabin waɗanda ka zaɓa shugabanni ne. Ka fara daga na biyu, babu shugaba ko ɗaya.

Idan hira za ka yi

A nan ba ƙuri'a ake jefawa ba, da gangan ake zaɓe. Zana ɗan jadawali na abubuwan da kake ganin suna bambanta yadda mutane ke ɗanɗana aikin, kamar muƙami, sashe, daɗewa, aikin dare ko na rana, ka tabbatar kowane gurbi ya samu mutum biyu ko uku. Ka nemi wanda ra'ayinsa zai saɓa wa abin da kake zato, shi ya fi kowa amfani. Game da adadi, Guest, Bunce da Johnson sun nuna a 2006 cewa cikin hirarraki 60, kusan duk manyan batutuwan sun riga sun fito a 12 na farko. Sai dai mutanensu masu kama da juna ne kuma tambayar a taƙaice take, don haka kada ka ɗauki 12 a matsayin doka ga wurin da ke da matakai biyar da rassa goma. Riƙa nazarin hirarrakin tun kana yin su, ka tsaya in uku a jere ba su kawo sabon abu ba a rukunin da kake kai. In wanda ka yi hira da shi ne ke haɗa ka da na gaba, fara daga bakin mutum uku ko huɗu da ba sa shiri da juna, in ba haka ba za ka ƙare cikin abokai ɗaya.

Shiga da gayyata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Neman izinin shugabanni da na kwamitin ɗa'ar bincike yakan ci makonni, wani lokaci watanni, don haka fara shi tun kana rubuta tambayoyi. A yi yarjejeniya a rubuce: za a ba su rahoto a dunƙule, ba za a ba su sunan wanda ya amsa ko wanda ya ƙi ba, ba za su ga ɗanyen bayani ba. In akwai ƙungiyar ƙwadago, a zauna da ita ma. Kauce wa lokacin rufe lissafin shekara, lokacin auna ƙwazon ma'aikata, da duk lokacin da raɗe-raɗin rage ma'aikata ke yawo.

Abu ɗaya da bai kamata ka sassauta a kai ba: manaja ba ya zaɓa maka mutane. Zai ce, da kyakkyawar niyya ma, "Bari in turo maka waɗanda suka san aikin." Waɗanda za su zo masu jin daɗin wurin ne, ko masu tsoronsa. Gode masa, ka roƙi abu biyu a madadin haka: sanarwa ga kowa cewa an yarda da binciken kuma shiga ganin dama ne, da minti 20 cikin lokacin aiki. Gayyatar kanta daga gare ka za ta fito kai tsaye zuwa ga mutumin, kuma saƙon tunatarwa ma kada ya bi ta hannun ogansa. Wanda shugabansa ya tsaya a kansa ya ce "ka cike takardar nan?" ba yardar kansa ya bayar ba.

Takardar gayyata ta faɗi wane ne kai, me kake nema, yadda aka zaɓe shi, minti nawa zai ɗauka, wa zai ga amsarsa, da cewa yana iya ƙi ko janyewa ba tare da wani abu ya same shi ba. Mintunan ka auna su da gaske, ta gwaji da mutum 10 zuwa 15 daga matakai daban-daban. In ka ce goma ya zama talatin, labari zai zaga wurin kafin azahar. Aika sanarwa 'yan kwanaki kafin farawa, sai gayyata, sai tuni bayan mako ɗaya, wani bayan mako biyu, ka tsaya nan. Waɗanda ba sa zama gaban kwamfuta a kai musu takarda da ambulan da akwati mai kwaɗo wanda mabuɗinsa ke hannunka, kuma ka je da kanka lokacin da masu aikin dare ke karɓar aiki. Tukuici in za a bayar ya zama ɗan kaɗan, yadda ba zai sa mutum ya kasa cewa a'a ba.

Wurin hira ma zaɓe ne. Sa mutum a ɗaki mai bangon gilashi kusa da ofishin shugabansa, ka ga yadda idonsa ke komawa kan ƙofa, kowace tambaya amsarta "komai lafiya." Nemi ɗaki a wani bene, ko waje, ko ta waya bayan an tashi, yadda ya zaɓa.

Cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Mace ɗaya tilo mai shekara 52 a sashen kuɗi, kowa ya san ta. Tambayi shekaru a rukuni, kamar 40 zuwa 49, kada ka tambayi abin da ba za ka yi amfani da shi ba, kuma kada ka fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum 5 ba. Wasu ma 10 suke sawa.

Yayin da amsoshi ke shigowa, riƙe rajista daban da amsoshin, ka duba duk mako: nawa aka gayyata a kowane rukuni, nawa suka amsa, nawa suka ƙi, nawa ba a same su ba. In ofis ya kai kashi 70 alhali wajen injina yana kashi 20, ƙarin ƙoƙarinka can zai koma, ba neman ƙarin 'yan ofis don cike adadi ba. A ƙarshe kwatanta masu amsawa da jerin asali ta fuskar sashe, jinsi da daɗewa. Sannan kwatanta amsoshin waɗanda suka fara dawowa da na waɗanda sai da aka tuna musu sau biyu, dabarar da Armstrong da Overton suka bayyana a 1977, bisa zaton cewa na ƙarshen sun fi kama da waɗanda ba su amsa ba sam. In tazarar tana da faɗi a kan babbar tambayarka, rubuta ta a rahoton tare da alƙaluman rajistar, rukuni-rukuni.