Wata uku na farko a kujerar manajan darakta: yadda za ka sa gaskiya ta riƙa isowa teburinka

Ranar da aka naɗa mutum manajan darakta, abin da ke fara canzawa shi ne irin labarin da ake kawo masa. Akantan da jiya yake ce masa "wallahi asusu ya bushe", yau sai ya ce "ranka ya daɗe, muna kai". Shugaban sashen kasuwanci ya daina ambaton kwastoman da ya gudu, sai wanda ake sa ran zuwansa. Kowa na tace nasa kaɗan, kafin magana ta hau bene na uku an cire mata duk ɗacinta. Yawancin shugabannin da kamfani ya durƙushe a hannunsu sun ji labarin ɓarakar ne bayan kowa, har direbansu ya riga su sani. Aikin watanni ukun farko shi ne gina hanyoyin da labari mai ɗaci zai riƙa iso ka da wuri, kuma daga kuɗi ake farawa.

A makon farko rubuta wa kowane bankin da kamfani ke hulɗa da shi, ka nemi bayanan asusu na wata 12 da suka wuce, su turo maka kai tsaye ba ta hannun sashen kuɗi ba. Ka ƙidaya asusun, ka gwada da jerin da akanta ya ba ka. Sau da yawa za ka tarar da wani da aka buɗe saboda wata kwangila shekaru huɗu baya, ba a rufe ba, kuma har yanzu wani na da ikon taɓa shi. Daga nan ka duba takardar masu sa hannu. Sunan wanda ka gada da na duk wanda ya bar aiki dole su fita, kuma banki ba zai cire su ba sai da ƙudurin hukumar daraktoci a rubuce, don haka saka wannan a zaman farko. A tsarin biyan kuɗi ta intanet, wanda ya shigar da biya daban, wanda ya amince daban. Inda ake yawan samun matsala shi ne ranar da oga zai kama jirgin Legas, ya miƙa wa sakatarensa 'yar na'urar lambobin sirri ya ce "in wani abu ya taso ka danna". Daga wannan rana tsarin mutum biyu ya koma na mutum ɗaya, kuma da sunanka ake dannawa.

Sai takardar mako 13. Shafi ɗaya ce: kowane mako da layinsa, abin da zai shigo, abin da zai fita, da abin da zai rage ranar Juma'a. Akanta ya sabunta ta duk Litinin kafin ƙarfe goma. A ce kamfaninka na Utako na da ma'aikata 40, albashi naira miliyan 18 a wata, dizal da wuta miliyan 4, kuɗin hayar ofis miliyan 30 da mai gida zai nema gaba ɗaya a watan Maris, tunda a Abuja haya ta shekara ake biya. Littafin riba zai raba hayar nan gida 12 ya nuna maka komai lafiya. Takardar mako 13 kuwa za ta nuna maka tun daga Janairu cewa a mako na uku na Maris haya da albashi za su haɗu, asusu kuma ba zai ɗauka ba. Wata biyu sun isa a roƙi mai gida ya karɓa kashi biyu, ko a matsa wa masu bashi. Kwana uku ba su isa komai ba sai rancen gaggawa mai tsadar ruwa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta shafi Abuja musamman. Kuɗin da kake bin wata ma'aikatar gwamnati ko hukumarta kada ya shiga layin "abin da zai shigo" don kawai an ce fayil ya wuce teburin darakta. Fayil na iya wuce tebur bakwai ya tsaya jiran sakin kuɗi, shekarar kasafi ta ƙare a kansa. Ajiye irin wannan bashi a shafi na daban, ka riƙa binsa, amma kada ka ɗora albashin mutane a kansa sai ka ga saƙon banki. Sauran masu bashi a kasa su huɗu: na ƙasa da kwana 30, na 30 zuwa 60, na 60 zuwa 90, da wanda ya haura 90. Manyan biyar na rukunin ƙarshe kai da kanka za ka kira su, domin a nan ne za ka ji abin da ba a gaya maka ba: kayan da aka kai ba su cika ba, ko an biya tun tuni a hannun wani.

Ka kuma tambayi abin da zai faru idan farashi ya yi tsalle. Wanda ya riƙe kamfani a 2023 ya ga an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, ya kai naira 225 kowane yunit. Duk kwangilar da ta wuce wata shida ba tare da sharaɗin sake duba farashi ba, kai ne ka ɗauki asarar.

Bashin da ya fi ɓuya shi ne na hukuma, saboda ba ya zuwa ƙofa ya yi sallama sai ya girma. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a kuma tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Harajin albashi na zuwa ga hukumar harajin Abuja, ko ta jihar da ma'aikaci ke zaune, kafin 10 ga watan da ke biye, harajin VAT na kashi 7.5 kuma kafin 21. Akwai kashi 1 na NSITF, asusun biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, da kashi 1 na ITF, asusun horar da ma'aikata, ga kamfanin da dokar ta hau kansa, da inshorar rai ta ma'aikata wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, da rahoton shekara-shekara ga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da ke Maitama. Kada ka yarda da "an biya". Ce a kawo rasit na wata 12, ka kuma zaɓi ma'aikata uku su nuna maka saƙon da kamfanin fanshonsu ya turo musu. Abin da ke faruwa shi ne, in kuɗi ya yi ƙaranci sai a cire kashi 8 daga albashi a yi amfani da shi wajen sayen dizal da niyyar a mayar. Ba a mayarwa, tara na hawa duk wata, kuma ranar da za ka nemi kwangilar gwamnati aka ce kawo takardun shaidar hukumar fansho ta PenCom, ITF, NSITF da na haraji, sai a ga babu.

Mutane kuma, zauna da kowane shugaban sashe shi kaɗai, minti 45, ka yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya: me ke tafiya daidai da bai kamata in taɓa ba, me ya lalace da kowa ya sani amma ba a faɗa, kuma da kai ne a kujerar nan me za ka fara yi. Rubuta amsoshin da hannunka. Abin da mutum huɗu suka ambata ba tare da sun haɗa baki ba, shi ne matsalarka ta gaske. Kada ka tsaya a manya. Sauka sito ka ƙirga kaya iri biyar ka gwada da littafi, duba littafin man janareta ka kwatanta awannin da ya yi aiki da litocin da aka ce ya sha, zauna da direbobi da masu karɓar baƙi. Gani ya kori ji.

A taron Litinin ka zama na ƙarshen magana. Da zarar ka fara da "ni a ganina", an gama shawara, sauran sai "haka ne, yallaɓai". Fara da mafi ƙanƙanta a ɗakin ka hau sama. Taro kada ya wuce awa ɗaya, kuma kowace matsaya ta fita da sunan mutum ɗaya da rana ɗaya; abin da aka ɗora wa "sashe" babu mai yinsa. Ka lura da lokaci ma: kai daga Asokoro ko Maitama kake fitowa, rabin ma'aikatanka daga Mararaba, Nyanya, Kubwa ko Suleja, sun baro gida tun bayan sallar asuba. Taron ƙarfe bakwai da rabi ko na bayan biyar na yamma horo ne gare su, kuma mutumin da hankalinsa ke kan cunkoson hanyar Keffi ba zai tsaya yi maka gardama mai amfani ba.

Yadda ka karɓi mummunan labari na farko shi zai yanke ko za a kawo na biyu. Ranar da wata ƙaramar ma'aikaciya ta shigo tana murza gefen mayafi ta ce an tura wa kwastoma lissafin da ba daidai ba, ofis gaba ɗaya na jiran ya ga da wace fuska za ta fito. Yi mata godiya, tambayi yaushe aka gano da abin da za a yi yau, ka bar binciken mai laifi zuwa gobe. Babba juji ne. Hukunci mai zafi ka tanade shi ga wanda ya sani ya ɓoye.

Kora kuwa, in ba sata aka kama ba, kada ka yi ta a watan farko, domin waɗanda suka fi saurin kawo maka sunayen "marasa amfani" galibi suna da tsohuwar gaba da su. Amma kada ka wuce wata uku kana lallashin mataimakin da ya nemi kujerar bai samu ba, yana yi maka zagon ƙasa. Kira shi, faɗa masa abin da kake gani da abin da kake so ya canza, ka sa wa'adi. In ya kai ga rabuwa, a bi takardar ɗaukar aikinsa daki-daki: takardar tuhuma, damar kare kai, sanarwa ko kuɗin madadinta, da haƙƙoƙinsa cikakku. Kotun ma'aikata ta ƙasa na duba yadda aka yi korar da dalilinta, kuma "oga ya fusata" ba hujja ba ce a gabanta.

Wanda ya taso daga sashen injiniya ko kasuwanci yakan kasa sakin tsohon aikinsa, ya cika teburinsa da fayilolin da bai kamata su zo ba. Maganinsa takardar iyakar iko: shugaban sashe ya amince da kashe kuɗi har zuwa, a ce, naira dubu 500, shugaban sashen kuɗi miliyan 3, kai miliyan 20, abin da ya haura sai hukumar daraktoci. Sannan duk wata ka nemi jerin biyan da suka tsaya dab da iyaka. Sayayyar kusan miliyan ɗaya da aka tsaga gida biyu, 490,000 da 495,000, ga ɗan kwangila ɗaya a mako ɗaya, tsohuwar dabara ce.

Hukumar daraktoci ita ta ɗauke ka, ita kuma ke iya sauke ka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana shugaban hukumar kamfanin da ke sayar da hannun jari ga jama'a ya zama shi ne kuma babban jami'in gudanarwa, ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta 2018 kuma ta nemi a zauna aƙalla sau ɗaya duk wata uku. Tura takardun zama mako guda kafin ranar, mummunan labari a shafin farko, kuma shugaban hukuma ya ji shi daga bakinka kafin ya karanta. Ranar 14 ga Agustan 2009 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da FinBank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su rushe. Basussukan da ba a biya sun taru, musamman na masu cinikin hannun jari da masu shigo da mai, kuma hukumomin daraktocin ba su taka wa shugabannin birki ba. Daraktan da ke takura maka da tambaya yana yi maka aikin da ma'aikatanka ba za su iya ba.

Alfarma za ta zo tun makon naɗi: kawu da takardun ɗansa, surukai da kamfanin kawo kaya, wani babba da ɗan katinsa. Kada ka ce a'a da bakinka kowane lokaci, za ka ƙare ba ka da dangi. Kafa ƙa'ida a rubuce tun kafin su iso: kowane gurbi sai an tallata, kwamitin mutum uku ya tantance, kowace sayayya mai girma sai da farashin 'yan kasuwa uku, kuma in ɗan'uwanka na ciki ka bayyana ka fita daga ɗakin. Sai ka iya ce wa kawu, "Baba, na sa sunansa a jarrabawa, sauran ba a hannuna yake ba", kuma gaskiya ka faɗa. In kana son taimakon yaron, biya masa kuɗin koyon sana'a daga aljihunka. Ɗan'uwan da aka cusa ba wanda zai kawo maka ƙararsa, kuma nan ma wata ƙofar labari ta rufe.

Maganar magaji ba ta jiran tsufa. A 2010 Babban Banki ya ƙayyade wa shugabannin bankuna shekara 10, Tony Elumelu ya bar UBA, Jim Ovia ya bar Zenith, duka biyun kuma na cikin gida ne suka gaje su, Phillips Oduoza da Godwin Emefiele. Da Herbert Wigwe, shugaban Access Holdings, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Amurka a Fabrairun 2024, cikin 'yan kwanaki Access Holdings ta sanar da Bolaji Agbede a matsayin mai riƙo. Kafin wata na uku ya ƙare, miƙa wa shugaban hukuma takarda mai suna biyu ga kowace babbar kujera, har da taka: wanda zai riƙe gobe in ta-kwana ta taso, da wanda zai iya nan da shekara biyu in an horar da shi. Sannan ka gwada ta. Ɗauki hutun mako biyu, ka ba mai riƙo iko a rubuce da iyakarsa, ka sanar da bankuna, ka hana a kira ka sai kan abu uku da ka lissafa. In ka dawo, ƙirga fayilolin da aka ajiye suna jiranka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi abin da ya hana a yanke su.