Yadda Za Ka Yi Da Kirsimetin Maƙwabcinka In Kai Ba Kirista Ba Ne

Duk Disamba, lokacin da ɗinkin kayan biki ya cika min shago a nan Garwa ta arewacin Kamaru, sai samari su riƙa tambayata: maƙwabci Kirista ya gayyace su, su je ko kada su je? Ba Musulmi kaɗai ke tambaya ba. Akwai masu bin al'adar kakanni, akwai kuma waɗanda ba sa zuwa masallaci ba sa zuwa coci. Ni dai ina cewa a je, amma mutum ya san wane ɓangaren bikin ne nasa.

Ibadar da ake yi a coci daren 24 ga wata da safiyar 25 ta masu ita ce. In ba ka yi imani da abin da ake yi a can ba, zauna gidanka, ba wanda zai ga laifinka. In kuma ka bi aboki cocin Katolika, ka zauna a baya ka natsu, kada ka shiga layin karɓar gurasar da fada, wato limamin cocin, ke rabawa, domin ta 'yan ɗarikar ce da aka yi wa baftisma.

Naka ɓangaren yana gidan maƙwabcin, bayan azahar, sa'ad da aka dawo aka sauke tukwane. Kada ka je hannu rabbana. Kaza ɗaya, ko sukari, ko lemon kwalba sun isa, ka kuma tanadi canjin sefa ɗari-ɗari, don yara za su zo nuna maka sababbin kayansu.

Maganar nama ita ce ta fi hana mutane zuwa, alhali ana warware ta tun da saura kwanaki. Ka samu mai gidan ka ce, "Baba, wa zai yanka akuyar bana?" Gidaje da yawa na ƙabilun Tupuri da Mundang da kansu suke kiran Musulmi ya yi yanka, don maƙwabta su ci hankali kwance. In ana dafa alade a gidan, ka tambayi Mama ko tukunya daban ce. Tambaya a keɓe ba ta ɓata rai. Abin da ke ɓata rai shi ne matar da ta kwana tana girki ta ajiye maka kwano, kai kuma ka ture shi a gaban baƙinta. Wannan yana ci min rai ƙwarai duk sanda na gani.

In an miƙo ƙwaryar bil-bil, giyar dawa, ka ce, "Na gode, ba na sha, a ba ni zoɓo." Shi ke nan, ba wa'azi. Ka yi sallama kafin magariba, don a wasu gidajen shaye-shaye da kiɗa sai dare suke kankama.

Malamai sun saɓa a kan cewa "barka da Kirsimeti". In zuciyarka ba ta kwanta ba, tambayi malaminka, ko ka ce, "Ya hidima? Allah ya bar zumunci."

Gwamnatin Kamaru tana ba da hutun Kirsimeti kamar yadda take ba da na ƙaramar sallah da babba, don haka maƙwabtanka Kiristoci ma suna gida ranar taka. In layya ta zo, ka ware musu cinya tun wurin fiɗa, ka kai da kanka, kada ka aiki yaro.