Yadda ake koya wa ɗaliban Biyetnam kalmar "aggressive" da 'yan uwanta

Tun shekarar 2008 gwamnatin Biyetnam ta ƙaddamar da wani babban shiri na ƙasa don bunƙasa koyon harsunan waje, kuma Turanci ne kan gaba. Yau a biranen Hanoi da Ho Chi Minh da Da Nang, cibiyoyin koyar da Turanci sun cika unguwanni, iyaye na biyan kuɗi mai tsoka don 'ya'yansu su ci IELTS, jarrabawar gwajin iya Turanci ta ƙasa da ƙasa, darussa da yawa kuma ta intanet ake yin su da malamai daga ƙasashe daban-daban. In kana cikin masu wannan sana'a, ko kana shirin shiga, akwai kalmomin da za su riƙa dawo maka a aji kamar bashi. Ɗaya daga cikinsu ita ce "aggressive".

Matsalar daga ƙamus take farawa. Ɗalibi zai duba wayarsa, ya ga an fassara masa ita da "hung hăng", wato mai masifa, mai neman faɗa, ya rufe wayar yana ganin ya gama. Sai ranar da ya karanta cewa wani likita ya ba da shawarar "aggressive treatment", ya ɗauka likitan faɗa yake yi da marar lafiya. Aikinka shi ne ka raba shi da wannan fassara guda ɗaya, ka koya masa duba kalmar da "aggressive" ta jingina da ita kafin ya yanke ma'ana. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: nuna masa tushen

Kalmar daga Latin ta fito, daga "ad" mai nufin zuwa ga, da "gradi" mai nufin taka ƙafa. Asalinta ke nan: takowa zuwa ga wani. Tushen nan ne a cikin "progress", takawa gaba, da "regress", takawa baya. Zana kibiya a allo ko a fuskar kwamfuta tana nufar wani abu da ƙarfi, ka bar ta a wurin har ƙarshen darasi. Duk ma'anonin da za su biyo baya wannan kibiyar ce, abin da ke canzawa kawai shi ne wa ya harbo ta, kuma me ta nufa. Kada ka ɓata fiye da minti biyar a nan.

Mataki na biyu: raba 'yan gidan

Harshen Biyetnam ba ya sauya siffar kalma. Ba ɗafa-ƙeya, ba ɗafa-goshi irin na Turanci ko Hausa. In suna son mayar da sifa ta koma suna, sai su sa wata ƙaramar kalma a gabanta, kamar "sự", su ce "sự hung hăng". Shi ya sa ɗalibi mai ƙoƙari ma za ka ji ya ce "He is very aggression" ko "She drives aggressive" ba tare da kunnensa ya ji komai ba.

Rubuta masa su a jere: "aggression" suna ne, "aggressive" sifa, "aggressively" bayanau, "aggressor" kuma shi ne wanda ya fara kai harin. Akwai "aggressiveness", wadda aka fi amfani da ita wajen bayyana hali ko yanayi, ba aikin da aka aikata ba. Za a tambaye ka aikatau, domin ɗalibai masu kaifin basira kan ƙirƙiro "to aggress" da kansu. Tana cikin manyan ƙamusoshi, amma da wuya ka ji ta a bakin mutane. Ce masa ya yi amfani da "attack", ko "become aggressive", ko "show aggression".

Abu biyu ƙanana da ke cinye maki a rubutu: ana cewa "aggressive towards someone" da "aggression against a country", sannan a yawancin lokaci ba a ƙirga "aggression". In sau ɗaya abin ya faru, "an act of aggression" ake cewa. Harshensu ba shi da "a" da "the", don haka wannan sai an maimaita, an sake maimaitawa.

Mataki na uku: a duba abin da kalmar ta jingina da shi

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ya kamata ka daɗe. Raba allo gida huɗu.

Gida na farko na mutum ne da dabba. "An aggressive dog", "an aggressive drunk", "aggressive behaviour". A nan fassarar ƙamus ta yi daidai: "hung hăng", ko "hung dữ" in dabba ce. Kare mai cizo, mashayi mai neman rigima, yaro mai cin zalin 'yan ajinsu. Zargi ne zalla. Amma ka nuna musu cewa "aggressive" ba daidai take da "angry" ba. Mutum na iya cika ya yi fam da fushi yana zaune shiru, wannan "angry" ne. Sai ya taso wa wani, ko da murya ko da jiki, sannan ya zama "aggressive". Ba kuma daidai take da "violent" ba, domin mai nuna ka da yatsa yana daka maka tsawa bai taɓa ka ba tukuna.

Gida na biyu na ƙasashe ne. Idan aka ce "war of aggression", su "chiến tranh xâm lược" suke cewa, yaƙin mamaya. Wannan ma'ana tana da nauyin shari'a. A ranar 14 ga Disamba 1974 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 3314, wanda ya fayyace "aggression" da cewa ƙasa ta yi amfani da ƙarfin soja kan 'yanci ko iyakoki ko ikon wata ƙasa. A 2010, a taron Kampala, aka shigar da ma'anar wannan laifi cikin dokar Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, kotun kuma ta samu hurumin sauraronsa daga Yulin 2018. Ɗaliban tarihi za su haɗu da "non-aggression pact", kamar yarjejeniyar da Jamus da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a Agustan 1939 cewa ba mai kai wa wani hari, wadda Jamus ta karya a 1941.

Ka taka a hankali a wannan gida. Kana magana ne da jikokin mutanen da suka yaƙi Faransa har zuwa gumurzun Dien Bien Phu a 1954, suka ga yaƙin Biyetnam da Amurka ta shiga, wanda ya ƙare a 30 ga Afrilun 1975, suka kuma gwabza da Sin a kan iyaka a 1979. Kalmar "xâm lược" ba ta littafi kaɗai ba ce a wurinsu, kuma iyalai ba su da labari iri ɗaya game da waɗancan shekaru. A ganina malami baƙo ya ɗauko misalansa daga tarihin Turai, ya bar na gida sai in ɗalibi ne ya kawo da kansa.

Gida na uku shi ne na kasuwa da wasa, kuma shi ya fi rikita su, domin a nan kalmar kan zama yabo. "An aggressive sales team" ba masu zagin abokan ciniki ba ne, masu zafin nama ne, waɗanda ba sa jiran ciniki ya same su a zaune. Kalmominsu da suka dace su ne "năng nổ" da "xông xáo" da "quyết liệt". "An aggressive investor" mai zuba jari ne da ba ya tsoron kasada. Ɗan ƙwallon da aka ce yana wasa "aggressively" yana matsa wa abokan hamayya lamba ne, ba ya ba su sararin numfashi, kuma tunda 'yan Biyetnam mayun ƙwallo ne, misalin zai shige su nan take.

Gwada su da "aggressive pricing". Tambaye su: farashin sama ya yi ko ƙasa? Da yawa za su ce sama, tunda a tunaninsu mai masifa tsawwalawa yake yi. Amsar ita ce ƙasa. Kamfani ne ya karya farashi don ya ƙwace kasuwa. Koma kan kibiyar da ka zana: ba mai saye ta nufa ba, abokin gasa ta nufa. Wannan misali ɗaya ya fi dogon bayani amfani.

Gida na huɗu na asibiti ne. "An aggressive cancer" ciwon daji ne mai saurin yaɗuwa. "Aggressive treatment" kuma magani ne mai ƙarfi da ake bayarwa ba kama hannun yaro don a tare cutar, ko da zai wahalar da jiki. Ka lura a jimla ɗaya kalmar na iya zama labari marar daɗi game da cutar, ta kuma zama bayanin matakin da likita ya ɗauka. In kana da ɗaliban aikin jinya ko likitanci, ba su wannan gida darasi guda.

Mataki na huɗu: bambanta ta da "assertive"

Wannan ya wuce nahawu, ya shiga tarbiyya. A harshen Biyetnam ba a ce wa mutum "kai" kawai. Sai ka san ko ya girme ka kafin ka zaɓi kalma: "anh" ga yaya namiji, "chị" ga yaya mace, "em" ga na ƙasa, "thầy" da "cô" ga malam da malama. Bahaushen da ya tashi yana cewa yaya da baba da inna ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wanda ya girma a haka, musu da na gaba kai tsaye kan yi masa kama da rashin kunya, don haka yakan zuba "assertive" da "aggressive" a kwando ɗaya.

"Assertive" shi ne mai faɗin abin da yake so a fili, cikin natsuwa, ba tare da taka kowa ba. Ba su yanayi guda: abokin aiki ya saba turo maka aikinsa dab da tashi. Rubuta amsa uku. Ta farko: "OK, no problem", alhali ranka a ɓace. Ta biyu: "I can't take this today. Please send it earlier next time." Ta uku: "Do your own job! I'm not your servant!" Su faɗi wacce ce wacce, sannan su yi wasan kwaikwayo da su biyu-biyu. Za ka ga wasu na sunkuyar da kai suna murmushi wajen faɗin ta biyun, kamar sun yi zagi. Sa su maimaita har ta zauna a baki.

Ka kuma gargaɗe su kan takardar neman aiki. Kamfani na iya rubuta cewa yana neman "aggressive salespeople", amma mai neman aiki ya rubuta "I am an aggressive person" kasada ce, domin da zarar kalmar ta jingina da "person" ta koma gida na farko. "Driven" ko "proactive" ko "ambitious" sun fi aminci.

Mataki na biyar: furuci da rubutu

Harshensu na karin sauti ne kamar Hausa, har guda shida a lafazin Hanoi, kuma kowace gaɓa tana fita da nauyinta. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa. A nan ta biyu ce: a-GRES-sive. Wasalin farko a raunane yake, kusan a haɗiye. Tafa hannu a kan gaɓar tsakiya har su kama.

Sauran wuraren tuntuɓe uku ne. Ba su da baƙaƙe biyu a jere irin "gr", sai su cusa wasali a tsakani. Ba su da kalma mai ƙarewa da "v", sai su yar da shi ko su mayar da shi "p". Dabarar ita ce ka haɗa kalmar da wata mai farawa da wasali, kamar "aggressive animal", su furta kamar "v" ɗin ta kalma ta biyu ce, tunda suna da ita a farkon kalma. Na uku, "aggression" da sautin "sh" take, "aggressive" kuma da "s", kuma 'yan arewacin ƙasar sun fi shan wahalar raba su.

Malam Bahaushe ya saurari kansa ma. Hausa ba ta da "v", bakinmu kan karkata zuwa "b", kuma mu ma muna cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Naɗi muryarka a waya ka ji kafin ka shiga aji. Wajen rubutu, "g" biyu ne da "s" biyu. Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar 'yan uwanmu na Nijar, ya kula, domin a can "g" ɗaya ce.

Mataki na shida: sababbin 'ya'ya biyu

Matasa za su ci karo da "passive-aggressive" a Facebook da TikTok. Ta fito ne daga likitocin ƙwaƙwalwa na sojan Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, game da sojojin da ba sa ƙin umarni a fili amma suna jan ƙafa. Yau ta ƙunshi gatse da shaguɓe da "to, na ji" ɗin da ba a aikatawa. "Microaggression" kuwa Chester Pierce, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, ya ƙirƙiro ta a 1970, don ƙananan maganganun raini da ake yaɓa wa baƙaƙen fata. Masu shirin karatu a Amurka ko Ostareliya su san ta, sauran ka ambata ka wuce.

Mataki na bakwai: gwaji daga titinsu

Nemo ɗan gajeren bidiyon wata mahaɗa a Hanoi da safe, babura sun yi cincirindo, oda na tashi ta ko'ina. Tambaye su: "Is this aggressive driving?" Za a yi musu, kuma musun kake nema. Baƙo zai ce e. Su kuwa za su ce maka oda a wurinsu sanarwa ce cewa ga ni nan tafe, ba faɗa ba. Sa su bayyana da Turanci abin da direba zai yi kafin su kira shi "aggressive": ya manne wa na gabansa, ya yanke wa wani hanya da gangan, ya sauko yana zagi.

Daga nan raba musu jimloli goma da ka tsinto daga labaran kasuwanci da wasanni da lafiya da siyasar duniya, kowacce da kalmar a ciki. Kada su fassara. Su ja layi ƙarƙashin sunan da ta jingina da shi, su rubuta lambar gida daga 1 zuwa 4, su kuma sa alamar ko yabo ne, ko zargi, ko bayani kawai. Wanda ya ci takwas, wuce da shi zuwa "hostile" da "belligerent" da "pushy". Wanda bai kai ba, koma da shi gida na uku, domin yawanci a can kuskuren yake.