Yadda Za Ka Duba Adireshin IP Da Yawa Na Suna Ɗaya A Linux

Sunan shafin intanet ɗaya, kamar example.com, kan iya samun adireshin IP (lambar da kwamfuta ke bi ta isa sabar) da yawa, kuma wani lokaci manhaja kan kasa haɗuwa da shafin idan ɗaya daga cikinsu ya daina aiki.

1. Buga `dig +short A example.com`, don ganin adireshin IPv4 (tsohon tsarin adireshi), sannan ka sake da `AAAA` a madadin `A` don ganin na IPv6 (sabon tsarin). Sabar DNS, wadda ke fassara suna zuwa adireshi, kan juya jerin, don haka kada ka damu idan tsarin ya canza.

2. Buga `getent ahosts example.com`. Wannan shi ne jerin da manhajoji ke karɓa, bayan an duba `/etc/hosts` (fayil ɗin sunaye da adireshi na kwamfutarka) kuma an jera su bisa ƙa'idar fifita adireshi.

3. Gwada kowane adireshi shi kaɗai, kana sa shi a wurin ADIRESHI: `curl --resolve example.com:443:ADIRESHI https://example.com`.

Matsalar kan faru ne idan manhaja ta riƙe adireshin farko kawai. In ya mutu, sai ta tsaya cik alhali sauran suna aiki. Idan IPv6 ɗinka ne ke ciwo, cire `#` daga layin `precedence ::ffff:0:0/96 100` a `/etc/gai.conf`, don a fifita IPv4.