Shafin rigarki ne ke taɓa fatarki, ba leshin ba

Shekara 14 ina ɗinki a Fagge, kuma kukan da na fi ji daga masu kawo min ɗinki shi ne ƙaiƙayi. Mace za ta zuba kuɗi a leshi mai tsada, sannan ta ce in sa mata shafi mafi arha. To shafin nan shi ne manne da jikinta tun safe har dare.

Auduga tana riƙe danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, yadin roba irin poliyesta kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Shi ya sa idan kika yi gumi cikin roba, gumin ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a kan fata, ƙurajen zafi su feso a wuya da gadon baya. Kafin ki sayi yadi da yawa a Kantin Kwari, ki karɓi ɗan ƙyalle ki ƙyasta masa ashana, a gida fa, ba cikin kasuwa ba. Auduga za ta yi warin takarda ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi ta dunƙule baƙi ƙirin.

Amma kada in yaudare ki, auduga ma tana da nata halin. Idan ta jiƙe sharkaf da bazara, takan daɗe ba ta bushe ba. Fatar da ta wuni a jiƙe tana yin laushi, gogayya kaɗan sai ta saɓule, musamman hammata, ƙarƙashin ƙirji da inda ake ɗaura zane. Ni singileti biyu nake zuwa da su shago a watan Afrilu, in na yi alwalar azahar sai in sauya. Ɗinkin bazara kuma ki bar shi da walwala, iska ta samu hanya.

Da hunturu lamarin juyawa yake. Danshin iskar Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, jiki ya yi fururu. Kina fitowa daga wanka ki ɗan tsane jiki, kada ki dirje shi da tawul, ki shafa man kaɗanya tun da sauran lema, sannan ki sa auduga a ciki. Rigar sanyi mai gashi-gashi ta zo daga sama, don in ta taɓa busasshiyar fata kai tsaye sosa ce har dare.

Sabuwar atamfa a wanke ta kafin a sa. Kayan ciki a ɗauraye su sau biyu, ragowar sabulu na ƙara bushewar fata. Shaddar maigida da ta sha sitati kuwa, ki tabbata akwai singileti a ƙarƙashinta.