Yadda ake karɓar wayoyin ɗalibai a makarantar jeka-ka-dawo

Da farko malamin aji ya tanadi akwati mai kwaɗo da littafin rajista. A ba kowane ɗalibi lamba, a rubuta ta a 'yar takarda, a manna a bayan wayarsa da salatif.

Da an tashi daga asambuli, ɗalibi ya kashe wayar gaba ɗaya, ya miƙa, ya sa hannu. Malam ya duba gilashin a gaban mai ita, in da tsaga a rubuta, domin nan ne rigima da iyaye take tasowa. A sa ido kan masu miƙa matacciyar waya su ɓoye ta gaske a aljihu.

Kada a ajiye akwatin jikin taga, zafin Gusau na watan Afrilu yana kumbura batir. Da an tashi daga makaranta, a kira lamba ɗaya bayan ɗaya, a mayar wa kowa wayarsa.